Abin da Mai Ludayi Ke Ci

Mai Ludayi ake ce mata a kantin ma'aikata, inda ta yi rabin rayuwarta tana girki. Mijinta, tsohon direba, shi ma haka yake kiranta. Da aka fara yi mata ƙarin ruwan maganin ciwon daji, gashinta ya zube, ko a jikinta. Bakin ne ya kayar da ita. Gyambo ya feso mata a harshe da dasashi, ko ruwa sai ta runtse ido kafin ya wuce.

Ranar awo nas ta dubi sikeli, ta dubi mijin.

"Baba, in ta ƙara ramewa likita zai dakatar da maganin. Mai laushi za ka ba ta, mai sanyi, ba yaji, ba tsami."

Ya dama, ya tace, ya fifita, ya kai mata ɗaki a faranti. Ta juya fuska ga bango. Ya lallasa, ya yi faɗa, ya ba da haƙuri. Kullum farantin yadda ya shiga haka yake fitowa, zoben hannunta har ya fara zamewa. Rannan ya kifa bokiti a kicin ya zauna, ya rasa inda zai sa kansa.

Idonsa ya sauka kan ludayinta a rataye. Sai ya tuna, tunda ya aure ta bai taɓa ganin ta zauna da faranti ba. A tsaye take ci, a bakin tukunya: ta ɗiga a tafin hannu, ta lasa, ta yi tsaki, ta ƙara wani abu. A haka take ƙoshi.

Ya murƙushe dankali da madara, ya bari ya huce sarai, ya ja kujera bakin tukunya.

"Mai Ludayi! Zo ki cece ni, na ɓata girki."

Ta daɗe kafin ta fito, tana dafa bango. Ta ɗiga a tafi, ta lasa. Hawaye ya zubo mata don zafi, amma ta haɗiye.

"Direba," ta ce da ƙyar, "mota ka wanke da wannan?"

"Me ya rasa?"

"Mai."

Ya zuba. "Yanzu fa?"

Ta sake lasa, ta ce ya yi kauri. Ya ƙara madara, ya tsinke. Haka suka yi ta yi har ta goge baki da ƙyalle, ya ga jini a ƙyallen, ya kau da kai.

Da ranar awo ta zagayo, sikeli bai hau ba, bai kuma sauka ba. Nas ta rataya ledar magani. Shi ko ya zauna gefen gado, yana tunanin girkin da zai ɓata gobe.