Rifkatu da Takalman Goyo

Ku da kuka zo aikin nan bayanmu kuna yawan tambaya me ya sa muke ɗaura wa 'yan tsere maɓalli a idon sawu, ba a takalmi ba. To, har gobe ban manta da Asabar ɗin da ta jawo haka ba.

Bayan kaka ne, a watan Disamba, shekarar farko da muka yi gudun 'yan mata na Zuru da na'ura. Ina mataimakin jami'in wasanni a lokacin, Malam Garba Bena ne shugabanmu. Kafin nan duk shekara sai an tashi baram-baram, kowane ƙauye na rantsuwa 'yarsu ce ta riga. Shi ya sa aka kawo fasahar RFID, wato gane abu ta siginar rediyo. Maɓalli ne ƙarami mai ɗauke da lambar mutum, irin wanda ake maƙala wa shanu a kunne, ko wanda ke cikin katin buɗe ƙofar otal. Mu a igiyar takalmi muka ɗaura shi. A layin ƙarshe kuma aka shimfiɗa tabarmar roba mai wayoyi a ciki. Maɓalli na ratsa ta, sai ta yi ƙit, lamba da lokaci su fito a kwamfutata. Amma tabarmar nan kunnenta gajere ne, abin da ya wuce gwiwa ba ta jinsa.

Wadda ta zo ta ɗaya za ta shiga sansanin wasanni na jiha, da karatu a ciki. Malam Garba ya faɗa wa jama'a da lasifika: "Bana ba gardama. Wadda na'ura ta fara ji, ita ta ci, ko ɗiyata ce ta zo bayanta."

Wajen hantsi sai ihu ya tashi daga hanyar ƙauyen Manga. Na miƙe na hango yarinya siririya tana tahowa ita kaɗai, ta ba sauran rata mai kyau. Rifkatu ce, 'yar Manga. Na dubi ƙafafunta. Ba takalmi! Ashe tana fita gari ta tuɓe su, ta goya su a baya da ɗankwali, can sama tsakanin kafaɗu.

Ta ratsa tabarma da gudu. Na'ura kuwa shiru kake ji. Mutanen Manga har sun fara guɗa, ita kuma ta tsaya can gaba tana haki tana dariya. Ga Hadiza 'yar ƙauyen Kanya ta karyo kwana, da takalmanta a ƙafa.

Na yar da lasifikan kunne na kwarma ihu: "Rifkatu! Takalma! Dawo, sa su ƙasa!"

Ta dube ni sororo. Sai uwarta, wata mata mai murya kamar ta coci guda, ta watsa mata maganar da yarensu na C'lela. Yarinya ta dawo kan tabarma tana kokawa da ƙullin ɗankwali, gumi ya sa ya ƙi kwancewa. Ni dai a lokacin na manta ni jami'i ne, tsalle kawai nake yi ina kiran sunan Allah. Hadiza ta matso har ina ganin haƙoranta.

Sai kawai Rifkatu ta saki ƙullin, ta zube rigingine a kan tabarma, ƙafafu sama.

Ƙit!

Hadiza ta tsallake ta, na'ura ta sake yin ƙit. Na leƙa kwamfuta, lambar Rifkatu ce a sama. Wallahi sai da na ji hawaye don daɗi.

Wani kawun Hadiza ya taso yana cewa ai da baya ta ci, ba da ƙafa ba. Malam Garba, yana share hawayen dariya da hula, ya ce: "Haba Alhaji, mi na ce da safe? Na ce wadda na'ura ta fara ji. Ban ce da wace gaɓa ba. Kuma da idonka ka ga wadda ta riga." Hadiza da kanta ta miƙa hannu ta tayar da ita, tana kakkaɓe mata baya.

Da ƙura ta lafa na tambaye ta: "Ke kuwa 'yar nan, me ya kai ki tuɓe takalmi?"

Ta ce: "Baba, sababbi ne. Yayana soja ya aiko mini daga bariki. Duwatsun hanyar nan cinye su za su yi."

Ni ma haka na tashi. In za mu kasuwa, a hannu muke riƙe takalmi, sai an iso bakin gari a sa. Mu duka a ofis mun san wannan, amma da na'ura ta zo sai muka bi takardar masu ita, muka manta da ƙafar mutanenmu.

Na'urar ba ta yi ƙarya ba ranar, abin da aka kai kusa da ita ta ji. Saboda haka duk kayan aikin da aka kawo muku, kafin ku kunna, ku fara duba yadda mutanen da za su yi amfani da shi suke tafiya. Rifkatu ta tafi sansani a watan da ya biyo. Na raka ta tasha, takalman na cikin leda a kan cinyarta, ko ƙura babu a jikinsu.