Malama Kalsum da allin da ke ɓacewa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Mayu, 2002, Allah Ya karɓi ran Malama Kalsum Mamman, malamar aji huɗu a firamaren unguwarmu ta Agege, bayan gajeriyar rashin lafiya.

Malama, ni ce Turai, uwar Alu ɗalibinki.

Bayan rikicin da aka yi a unguwar Idi-Araba, ke kika fara lura allin ajinki na ɓacewa. Da wata malamar ce, da ta zane yaran ta huta. Ke kuwa da aka tashi kika bi su a baya har bayan mahauta, inda wani da ke kiran kansa Kwamanda yake tara su. Yana ba su alawa, yana ce musu sojojin addini ne su. Aikinsu shi ne su ja layi da alli a ƙofar duk wanda ba namu ba, don a shaida gidan. Wa ya fi yaro sanin gidan kowa?

Aluna, wanda ko kaza ba ya iya kallon yankanta, shi ya ja layi a ƙofar Maman Meshach, abokin zamansa a benci.

Ba ki ɗaga murya ba. Kika riƙo hannunsa, kika zo kika ce mini, "Maman Alu, ɗauko bokiti." Muka tafi. Ya wanke ƙofar yana kuka. Matar, Monica, ta fito ta gani, ta gane, sai ta ce, "Ka gama? Shigo ka ci abinci, Meshach na jiranka." Na rasa inda zan sa fuskata.

Tun daga ranar kike raka yara gida kullum, da lemarki da takalminki mai ƙara. Mazan unguwa suna yi miki tsiya wai kaza da 'ya'yanta, kina ce musu ai shirwa ce ta yi yawa. Kin kai ƙara wajen masu unguwa, mutumin ya ɓace.

Malama, ya dawo. Washegarin jana'izarki aka gan shi a bayan mahauta. Jiya ina wanke wandon makarantar Alu na ji abu a aljihu. Guntun alli ne. Wataƙila tsinta ya yi. Ban tambaye shi ba, tsoron amsar nake.

Gobe ni da Monica za mu tsaya a bakin makaranta lokacin tashi. Ba mu da muryarki, yaran ma ba sa shakkarmu, amma za mu je.

Allah Ya ji ƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa kowane taku na rakiyar nan a mizaninki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Malam Balarabe da 'yarki Baiwa, Allah Ya ba su haƙuri. Mu da kika bari da yaran, Allah Ya tsare mana su. Amin.