Kunun Jego Ba Kanwa

Duk sanda na je Gummi hutu, ko mayafi ban ajiye ba Inna za ta tare ni: "Ke, injin naku mi yac ce?"

Aikina a ɗakin bincike shi ne auna furotin, wasu ƙananan sinadarai da ke cikin jinin masu ciwon zuciya. Na sha fama kafin ta gane. Rannan tana shiƙar shinkafa na ce mata haka na'urar take yi: ta farfasa su, ta watsa, mai nauyi ya ware daga marar nauyi, mu kuma mu duba abin da ya bambanta jinin mai ciwo da na mai lafiya. Ta ce, "Oho! Duk bokon ga, ashe shiƙa kika tafi koyo?" Kai, ina kewar bakin nan nata.

Amma tambayar ba ta wasa ba ce. Yayata ta rasu wata biyu bayan haihuwar fari, ƙafafu a kumbure, numfashi da ƙyar. Inna ce ta yi mata jego: wanka da ruwan zafi safe da yamma, gasasshen kifin gulbi, kunun kanwa har sai ta ture. Gata iya gata, gidan kullum ƙamshin yaji. Daga baya wani malamin asibiti ya ce mata kanwa na wahalar da zuciya, maganar ta tsaya mata a rai. So take ta ji ko hannunta ne sanadin mutuwar.

Na'ura kuwa ba ta amsa irin wannan. Wata shekara tausayinta ya ishe ni na ce, "Inna, ciwon nan har matan da ba su taɓa lasar kanwa ba yana kamawa." Gaskiya ce, amma rabi. Ban ƙara da cewa zuciyar da ta riga ta raunana, kanwa ƙara mata kaya take yi ba. Ta dube ni ta ce, "To, madalla." Ba ta sake tambaya ba, ni kuwa na ɗauka na yi mata wayo.

Da na haihu, gida na zo wanka. Inna ta damo kunu mai zafi ta miƙo mini a ƙwarya. Na kurɓa, na sake kurɓa.

"Inna, kin manta kanwa."

"Sha abinki," in ji ta, tana gyara wa jaririyar zani. "Tun ba a haife ki ba nike shiƙa, na san tsaba na san ƙaiƙayi. Ɗiya guda tar rage min."