Yadda Bakin Isyaku Dillali Ya Mutu

Duk wanda ya san karar Mai'aduwa, inda ake cinikin dabbobi ran Lahadi, ya san Isyaku dillali. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Sandamu, siriri, baƙi, hularsa kullum a karkace. Ba shi da garke nasa, bakinsa ne jarinsa. In ya dafa bayan rago ya fara zuba, har wanda ya zo sayen gishiri sai ya tsaya saurare. Da ya kalli idon mai saye zai gane ko layya zai yi ko suna, ko kuwa kallo kawai ya fito. Ya zolayi wannan, ya kira wancan da sunan kakansa, kafin ka ankara mai rago ya ce ya sallama, an tafa. Da wannan bakin ya rufa wa kansa asiri, ya aurar da 'ya'yansa mata, suka rage daga shi sai matarsa Kande.

Sai zamani ya juya. Fataken Kudu suka rage hawowa, hanya ba daɗi, mota ta yi tsada. Daga can inda suke sai su kalli rago a waya, su zaɓa, a loda musu. Maliki, abokin Isyaku da suka tashi tare a rumfa ɗaya, tuni ya buɗe shafi a intanet yana ta sa bidiyon raguna, har baƙi na tambayarsa da suna.

"Isyaku, kai da Allah ya hore wa baki," in ji Maliki, "ai kai ya kamata a riƙa kallo, ba ni ba."

Isyaku ya samo waya ta hannu. Wata Talata da hantsi ya sa rigarsa ta Sallah, ya tsaya gefen turke kusa da wani ƙaton balami da aka ba shi kiwo, Kande ta riƙe wayar. Ta ce ya fara. Ya miƙe ƙyam kamar mai hoton fasfo.

"Assalamu alaikum, jama'a. Wannan... wannan rago ne."

"Malam, ai kowa ya ga rago ne," in ji Kande.

Aka sake. Hannuwansa suka rasa wurin zama, muryarsa ta koma ta mai karanta sanarwar rasuwa. Aka yi ta maimaitawa har rana ta take, gumi ya jiƙa rigar. Da ya kalli abin da aka ɗauka sai ya ga wani tsoho mai zare ido, bai san shi ba.

"Wai da wa nake magana?" ya ce. "Ba na ganin idon kowa. Ta yaya mutum zai yi ciniki da baƙin gilashi?"

Haka aka yi ta fama har makonni suka shige. Rannan Kande ta ce, "Malam, manta da wayar nan. Ni ce mai saye. Sayar mini." Ta taɓe baki, ta dubi balamin sheƙeƙe. "Wannan ramammen? Ko kyauta ba na so."

Ai kuwa ta taɓo shi. Ya ture hula gaba, ya hau ta da zance, ya yabi wuyan ragon da ƙirjinsa, ya ce ko surukin da ya fi kowa ƙorafi aka kai wa wannan sai ya yi shiru. Kande tana dariya, ashe wayar da ke hannunta tana ta ɗauka. Isyakun kasuwa ne ya dawo sak. Cikin jin daɗi ya matso gabanta, ya ba ragon baya. Balamin ya ja da baya, ya zo ya dakar masa ƙugu, sai ga Isyaku cikin kwanon dusa, ƙafafu a sama, yana cewa, "Wayyo Kande!"

Su biyun sun yi dariya har da hawaye. Shi da kansa ya ce a tura wa Maliki bidiyon ya sha dariya. Maliki kuma, ba da wani mugun nufi ba, ya tura wa 'yan rumfa. Daga nan abin ya fita hannu. Wani can ya yanke duk zancen cinikin ya yar, ya bar tunkuyin da ihun kawai, ya sa kiɗa, ya maimaita shi a jere.

Ran Lahadi tun daga bakin tasha aka fara. 'Yan acaɓa na cewa, "Wayyo Kande!" Masu shayi na amsawa. Sunan matarsa, wanda ko abokansa ba sa kamawa a gabansa, ya shiga bakin mutanen da bai taɓa gani ba. Yayan Kande ya zo daga Baure har gida, bai ko zauna ba, ya ce, "Isyaku, mun ba ka 'yar'uwarmu ne don ka rufa mata asiri."

Abin da ya fi muni, wayar ta biyo shi kara. Da ya dafa rago sai ya ga wayoyi sun tashi sama, ana jiran ya juya baya. Harshensa ya riƙa nauyi kamar a gaban turke. Wani mai saye ya tsaya da niyyar gaske, Isyaku ya buɗe baki, ya hangi wata waya ta bayan kafaɗar mutumin, maganar ta maƙale. Mutumin ya jira, ya gaji, ya wuce. Masu dabbobi ba su yi masa wulaƙanci ba. Sun dai riƙa gaishe shi da kyau, su wuce da ragunansu wata rumfar.

Maliki ya ba shi haƙuri, sannan ya kawo shawara. "Tunda an riga an san ka, ka sake wani bidiyon tunkuyin mana. Mutane za su bi ka, ciniki ya biyo baya."

Isyaku ya daɗe yana juya maganar. Da rumbu ya fara nuna ƙasa, ya kira Kande, ya miƙa mata wayar. Ya je gaban ragon, ya juya masa baya, ya ɗan duƙa, ya runtse ido yana jira. Ragon ya ci gaba da cin harawarsa. Isyaku ya ƙara matsawa, ya ƙara duƙawa. Da shirun ya yi yawa ya buɗe ido, ya ga Kande ta sauke wayar, tana share fuska da bakin zanenta.

"Malam, wallahi ba zan ɗauka ba."

Ya miƙe a hankali, ya shige ɗaki.

Har yanzu Isyaku na zuwa Mai'aduwa. Maliki ya ɗauke shi aiki, shi ke riƙe igiyar rago in ana ɗaukar bidiyo, daga gefe, inda waya ba ta kaiwa. Maliki na ta zuba, wani lokacin ma da kalaman da ya tsinta a bakin abokinsa. Jifa-jifa yakan tsaya ya ce, "Isyaku, ɗan matsa, inuwarka na shigowa."

Sai Isyaku ya matsa.