Hular Wayoyi da Lomar Tuwo

Shekara saba'in ina ciyar da hannun daman nan, amma ranar da ɓarin jikina ya shanye, shi ya fara gudu ya bar ni. Ƙafa ta dawo da ɗingishi, baki ya miƙe. Shi ko oho.

Ciyayya ce ta dame ni. A ƙofar gidana a Gazara mu biyar muke haɗa kwanonin tuwo tun gemunmu na baƙi, kuma ba a sa hagu a kwanon jama'a. Sai na koma ci a ɗaki kamar mai jego.

Babban ɗana ya kai ni Zariya wurin wasu masu bincike. Wata likita ta kifa mini hula mai wayoyi, ta zura hannun cikin safar ƙarfe da ke haɗe da kwamfuta.

"Baba, raya a ranka kana dunƙule hannu. In hular ta ji, safar za ta dunƙule maka."

"'Yar nan, a aji huɗu na tsaya. Me za ta ji a kan nan ban da kukan gyare?"

Ta ce ƙwaƙwalwa kamar hanyar gona take, in ruwa ya cinye ta, yawan sawu ke fitar da sabuwa a gefe. To, ni dai loma nake rayawa. Tuwon dawa, miyar kuka. Safar ta dunƙule.

Duk Talata muna hanya. Kafin a yanke dawa, yatsu biyu suka motsa ba safa. Na aika wa aminina mai mazarƙwaila, shugaban teburinmu na ƙasa, cewa a ajiye mini gurbina.

Wata Talata muka tarar da ɗakin a kulle. Mai gadi ya ce bincike ya ƙare, an kwashe kaya. Sun sami hoton kaina, ni an bar ni da yatsu uku a kwance. Ko sallama.

Duk da haka na fito ciyayya. Na yi bisimilla, na gutsuro da yatsu biyun, lomar ta suɓuce cikin miyar jama'a. Na jira aminin nan ya tsokane ni yadda ya saba, ya ce kurege ya fi ni riƙo.

Bai ce ba. Ya jawo wani ɗan kwano daga bayansa, ya tura mini.

"Ga naka, Malam. Ci a hankali."

Har da cokali a ciki. Ashe tun daga gida ya zo da shi.