Kwalbar da Tsohon Manomi Ya Ba Ni

A shekarata ta biyu da fara tuƙa motar otal a Doha aka haɗa ni da wani tsohon Bature ɗan Fotugal, aka ce in riƙa kai shi duk inda za shi har ya tafi. Manomin inabi ne, yana kuma da gidan da ake matse inabin a yi jar giya. Otal ɗinmu na sayar wa baƙi giyarsa, shi ya sa aka gayyato shi. Ni dai direba ne, abin da ke cikin kofin wani ba ruwana.

Tsohon akwai surutu kamar rediyo. Turancinsa na ɗingishi, nawa na ɗingishi, a haka muke lallaɓawa. Ya ce kakansa ne ya dasa kuringun gonar, wato itatuwan inabin, iri-iri a cakuɗe wuri guda, tare ake tsinke su, tare ake matsewa, a zuba a gangunan katako su daɗe. Tsohuwar kuringa 'ya'ya kaɗan take yi, in ji shi, amma ruwansu kauri gare shi da ƙarfi. Ya nuna mini hotunansu a waya, duk sun kanannaɗe sun yi baƙi. Na gaya masa ni ma ɗan manomi ne, gyaɗa da dawa muke yi. Daga nan ya koma zama gaba kusa da ni, ni kuma na fara kiransa Baba.

Ranar da na kai shi filin jirgi ya miƙo mini wani dogon kwali a naɗe. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. A gidanmu ba a buɗe kyauta a gaban wanda ya ba ka, balle babba, don haka na ajiye a ƙarƙashin kujera.

Sai da na tsaya a danja na leƙa. Innalillahi! Kwalba ce, cike, baƙa ƙirin.

Ba ni da takardar izinin riƙe giya. Idan ɗan sanda ya tsayar da ni ya gani, ko labari ya kai kunnen kafil, ubangidan da ya tsaya mini a biza, khalas, aiki ya ƙare, sai jirgin Kano. Ɗakinmu na unguwar Old Airport kuwa mu da yawa ne, kowa ya san abin da ke cikin jakar kowa. In mayar otal, a tambaye ni yadda kwalba ta shiga motar kamfani. In ba wani ya sha, na ɗauki alhaki.

Na samu wani fili mai yashi a bayan unguwar Madinat Khalifa inda ake ajiye manyan motoci, na tsaya a tsakaninsu da rana tsaka. Ban taɓa buɗe irin wannan kwalba ba. Da sukundireba na danna toshiyar ciki, sai giyar ta fantsamo mini a farar rigar aiki. Kai, ranar na ga ta kaina! Na tuɓe rigar, na tsuguna da singileti ina tsiyayarwa. Ƙamshi ya taso, wani abu kamar zoɓo da ya ji kanumfari, da ɗan warin katako. Yashi ya shanye tas. Na jefa kwalbar da rigar a bola, na ja mota.

Washegari saƙonsa ya shigo: "Ka buɗe?"

Na so in ce ta yi daɗi in huta, amma ban iya yi wa tsohon ƙarya ba. Na yi masa saƙon murya: "Baba, ni Musulmi ne, ba na sha, kuma da an kama ni da ita da an kore ni. Na zubar. Ka yafe mini."

Can ya kira, ya ce laifinsa ne da bai tambaya ba. Sannan ya ce, "Amma ka ji ƙamshinta?"

Na ce na ji, Baba.

Ya ce to madalla. 'Ya'yansa ba mai son noma, ya riga ya sayar da gonar, masu sayen kuma tumɓuke kuringun za su yi. Wannan kwalbar daga girbinsa na ƙarshe take, ya so ɗan manomi ya samu ɗaya.

Aikina ya tsira, ina nan a kai har yau. Amma bayan ya kashe wayar na zauna a mota na kasa tayar da ita, wallahi kuka na yi.