Rigunan Kawu Iliya

A gidanmu na unguwar Hindawiyya a Jidda, a kan soro muke zama bayan isha'i, saboda ɗakunan ƙasa ba sa zaunuwa don zafi. Kakarmu ta wajen uwa, wadda muke kira Sitti, takan hura gawayi a kasko ta ɗora butar shayi, mu jikoki mu zagaye ta. Ni tun ina ƙarama nake tsoron kada tartsatsi ya faɗa kan tabarma, don haka kunnena na wajenta, idona na kan wuta.

Sitti ba ta yi mana tatsuniyar dabbobi. Labarinta na 'yan ƙwallon kwando ne. Shekara da shekaru ita ke wanke rigunan wata ƙungiya da ke unguwar Ruwais, amma ba ta taɓa ganin wasa ko ɗaya ba, don a lokacin mata ba sa shiga fili. Direban ƙungiyar ne ke kawo mata buhun riguna washegarin wasa. Da ta zazzage su a tsakar gida ta san yadda aka kwashe.

"Rigar mai jefa ƙwallo ko sabulu ba ta buƙata," in ji ta. "Turare nake ji a jikinta. Ƙato ya shiga fili ya fito yana ƙamshi kamar amarya! Amma ɗauko ta mai tsaro. Wuya a yage, hammata a ɓarke, ga shatin yatsu a baya, ga jinin hancin wani a ƙirji. Waɗannan su ne maza."

Wanda take nufi ɗanta ne, Kawu Iliya. A Jidda aka haife shi, amma ba shi da takardar ɗan ƙasa. Ƙungiyar ce kafilinsa, wato mai tsaya masa a ƙasar, ita ke sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, duk shekara. Duk ran da suka ce ba sa buƙatarsa, zamansa a garin ya ƙare. Aikinsa a fili guda ɗaya ne: a nuna masa gwanin 'yan hamayya, ya manne masa har a tashi. Yana gabansa, yana bayansa, yana numfashi a wuyansa. Akwai wani dogo da wata ƙungiya ta ɗauko daga ƙasar waje, ana ta zuzuta shi. Direba ya ba Sitti labari cewa Kawu ya hana shi sakat har ya jefar da tawul ya zauna a benci yana zagi da harshen garinsu.

Na tambaye ta ko ba zunubi ba ne a riƙa ture mutum haka.

"Ke Hadiza, tsoro zai kashe ki kafin aure. Gwiwar hannu ce, ba wuƙa ba. Shi ma an cire masa haƙori biyu, bai kai ƙara ba."

Sai aka kawo sabon mudir, mai kula da ƙungiyar. Shi takarda yake dubawa, takardar kuwa ƙwallon da aka jefa kawai ake rubutawa a ciki. Gaban sunan Iliya babu komai. Ƙwallon da ya hana a jefa ba shi da gurbi a takardar. Aka fara raɗe-raɗin ba za a sabunta masa ba.

A nan Sitti takan juya gawayi. Ta ce laifinta ne. Duk rigar da ta yage sai ta ɗinke ta da ƙaramar allura yadda ba a gane wurin, ta jiƙa jini da gishiri har ya fita, ta goge ta ninke. Tana gudun a ce Bahaushiya ba ta iya wanki ba. Shekara da shekaru rigar Iliya na komawa ofis tas, daidai da ta 'yan turare.

"Da hannuna na share aikin ɗana," in ji ta.

Da buhu na gaba ya zo, ba ta wanke ba. Ta ɗora rigar Iliya a sama, ta gwanin ƙungiyar a gefenta, ta ce wa direba ya shimfiɗa su a teburin mudir ya ce ya duba da idonsa. Kafin la'asar buhun ya dawo da saƙo: ta wanke, ko a ba wata. Ta wanke.

Kawu bai sami wani kafili ba. Aka sa shi a jirgi zuwa Kano, garin da bai taɓa gani ba, da Hausarsa rabi Larabci. Daga can yakan aiko mata da muryarsa a kaset. Ita kuwa ta ci gaba da karɓar buhu.

Sitti takan ƙarasa da cewa, "Daga nan riguna suka riƙa zuwa fes-fes. Na huta da ɗinki, su kuma suka huta da cin wasa. Halas, labari ya ƙare. Yalla, a sauka a kwanta."

Allah ya yafe mini in na ƙara wani abu. Ni ban ga wasan ba, ita ma ba ta gani ba, kuma ina tsoron kada raina mutanen da ban sani ba ya zama giba. Amma ban iya hana kaina. Ɗana Usama yakan nuna mini 'yan wasan yanzu a waya. Mutum ya jefa ƙwallo babu wanda ya tare shi, sai ya bugi ƙirji yana kallon kyamara. An ɗan goge shi da kafaɗa ya zube yana riƙe fuska. Ban taɓa ganin an yanko hoton wanda ya hana a jefa ba.

Da ina yarinya na ɗauka Sitti tana koya mana jarunta ne. Sai da na girma na kama aikin kula da wata tsohuwa a Ruwais na gane. Ni ke duba maganinta sau uku kafin in ba ta, ni ke share ruwan banɗaki kafin ta shiga, ni ke juya ta kada bayanta ya yi gyambo. Shekara huɗu ba ta faɗi ba. Watan da ya wuce na ji ɗanta, wanda shi ne kafilina, yana ce wa matarsa, "Mama lafiyarta ƙalau, me wannan take yi duk yini?" Iƙamata saura wata biyu.

Na kwana uku ina tunanin ko faɗin aikina riya ce. Ran na huɗu na tare shi a ƙofa. Na kira shi da girmamawa irin ta Larabawa, na ce, "Ya ammi, yau ɗiyarka ta bar man gashi ya zube a bakin gado, na goge kafin Mama ta sauko. Kuma a kantin magani an ba da ƙwayar hawan jini mai ƙarfin da ba nata ba, na mayar."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ya ce, "Kullum haka ake yi?"

Na ce, "Kullum. Gobe ma zan faɗa maka."